Hanyar Jamus da Na Shirya wa Baba

Babana bai taɓa cewa yana son ganin wata ƙasa ba sai Jamus. Ba Masar ba, ba Turkiyya ba. Ko Kano da aka goyo shi daga cikinta yana jariri bai cika zancenta ba. Dalilin kuwa mota ce. Tun kafin a haife ni yake jan wata babbar mota ƙirar Jamus mai dogon hanci, yana ɗauko siminti daga Yanbu, dabino daga Badar, tumaki idan aikin Hajji ya gabato. Har ya ajiye tuƙi bai taɓa yarda motar nan ta yi masa laifi ba. In ta mutu a hanya, to man da aka sayar masa ne gurɓatacce, ko bakaniken ne ɗan koyo. Yakan ce waɗanda suka ƙera ta ba su san ha'inci ba, kuma wata rana sai ya je ya ga irin titin da suka shimfiɗa wa kansu, tunda wannan ce motar da suka sayar wa bare.

Mu dai dariya muke yi. Mahaifiyarmu takan ce ya fara kai ta Ɗa'ifa ta sha iska tukuna, sannan a yi zancen Jamus. Bai kai ta ba har ta rasu, aka sa ta a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Haramin Madina.

Bayan rasuwarta Baba ya fara tsukewa. Ba ciwo nake nufi ba, duk da akwai shi, ga sukari, ga zuciyar da aka yi wa aiki. Duniyarsa ce ta ƙanƙance. Mutumin da ya san kowace kwana tsakanin Madina da bakin teku ya koma daga gida sai Harami, daga Harami sai gida. In an idar da la'asar aka sallaci gawa, sai ya bi 'yan rakiya ya shiga Baƙi'a, ko ya san mamacin ko bai san shi ba. Ya dawo da ƙura a takalmi, ya zauna a gindin inabin da ke tsakar gidanmu a unguwar Harra ta Yamma, ya yi shiru har a kira magariba.

Ni ce a gidan tare da shi. Aurena ya mutu da daɗewa, ban haihu ba, na dawo ɗakin da na tashi a ciki. Ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, abin da ya sa Baba ke kirana daktora, musamman in yana so ya nuna mini ban san komai ba. Yayana yana unguwar Khalidiyya da iyalinsa, sai Juma'a muke ganinsa.

Sau ɗaya na ga Babana na da ya leƙo, lokacin da aka ba mata izinin tuƙi. Ya rantse ba wanda zai koya wa 'yarsa mota yana raye. Muka riƙa fita tsohuwar hanyar Badar da sanyin safiya, ni a sitiyari, shi a gefe yana ta masifa. "Ke daktora, birki ne wannan, ba kan maciji ba, taka shi a hankali!" In na sha kwana yadda yake so ba ya yabo, sai dai ya yi gyaran murya ya kalli taga. Da na karɓi lasisi fitar ta ƙare, ya koma gindin inabinsa.

Abin da nake so ya dawo ke nan. Ba Jamus ce ta dame ni ba, ni da ko Riyad ba na marmarin zuwa. So nake in sake samun tsohon nan a kujerar gefe, a doguwar hanya, yana yi mini faɗa, kafin lokaci ya ƙure mana. Abokan aikina duk bazara sai sun tsere wa zafin Madina, su dawo da hotuna suna nuna wa mutane ko ba a tambaye su ba. Wata rana na kalli hoton ɗaya daga cikinsu, titi ne ya ratsa daji, bishiyoyi sun rufe shi ta sama, na ji zuciyata ta ce ga hanyar. Da na koma gida na faɗa masa ba kwana-kwana.

"Baba, zan kai ka Jamus. Ni zan tuƙa, kai ka zauna a gefe ka yi ta faɗa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da gaske, ko zancen bayan cin abinci ne?"

"Wallahi da gaske."

"Ɗayyib. Kawo taswira mu gani."

Taswirar takarda babu, sai kwamfutar hannu, wadda ya raɗa wa suna talabijin ɗin daktora. Na nuna masa yadda ake sauka a kan titi a bi shi kamar kana cikin mota, sai ga tsoho ya gyara zama. Daga ranar, in na taso daga aiki sai in shimfiɗa darduma a gindin inabi, in kawo shayi, mu kama hanya. Mun tsayar za mu sauka a Frankfurt, mu ɗauki hayar mota, mu yi kudu zuwa dajin da suke kira Baƙin Daji. Ya kafe sai mota mai canjin hannu, wai wadda ke canja wa kanta motar ragwaye ce.

Akwai wani titi da ya taso daga Baden-Baden ya bi ta kan tsauni, daji dama da hagu. Mun bi shi a allon nan har na haddace shi. Mu da muka tashi cikin baƙaƙen duwatsun Harra, inda in ka ga bishiya to wani ne ke ba ta ruwa da tiyo, abin ya fi ƙarfin tunaninmu. "Duk wannan itacen ba mai shi?" in ji Baba. Ya ga gumagumai an jera a bakin titi ba mai gadi, ya girgiza kai. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali kwana ce. In mun zo wata sai ya ce in tsaya, ya matso da fuska. "Dubi yadda suka kwantar da ita. Wannan da tsoron Allah aka yi ta. Nan za ki sauko lamba biyu tun kafin ki shiga, kada ki taɓa birki a tsakiya." Har jikinsa yake karkatawa. Na ji daɗi a makonnin nan irin wanda na manta akwai shi.

Daga dajin muka juyo arewa, ƙasar inabi, inda gonaki ke hawa tudu tun daga bakin kogin Mosel har sama, a jere kamar kitso. Nan rigima ta fara, amma ba daga Baba ba. Yayana ne ya zo ranar Juma'a ya leƙa allon, ya ga wani titin da za mu bi sunansa ma Hanyar Giya.

"Ya ukhti, duk faɗin Jamus ki rasa inda za ki kai tsoho sai ƙasar mashaya? Me za a ce a unguwa? Aib wallahi."

Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni. "Inabin ne ya sha giyar? Shekara da shekaru ina ɗaukar dabinon Badar, ka taɓa ganin na bi kwali in ga abin da aka yi da shi? Gona zan je gani." Ya nuna inabinsa da ke saman kanmu, wanda ya daɗe yana lallaɓawa, mai ƙananan 'ya'ya masu tsami da tsuntsaye ne kawai ke murna da su. So yake ya ga yadda mutanen nan ke tsayar da itacen inabi a kan gangare ba rumfa, ya tambaye su lokacin da suke yi masa aski. Da wane yare zai tambaya, wannan bai dame shi ba. Saboda shi muka ɗage tafiyar daga bazara zuwa kaka, lokacin da inabi ke nuna.

Na nemi hutu aka ba ni. Na gano inda Turkawa ke da masallatai da gidajen abinci a kowane garin da za mu kwana. Likitan zuciyarsa, wani mutumin Zariya mai raha, ya duba shi ya ce in dai zai sha magani a kan lokaci, bai ga abin da zai hana ba. Ni mai ba da magani ce, aikina ke nan in hango abin da zai iya ɓaci in toshe shi tun da wuri, kuma ina alfahari da hakan.

Tambayar farko ta zo ne muna tsakiyar wani ƙauye mai jajayen rufi. Allon ya nuna coci, da kaburbura a gefenta an shuka musu furanni.

"Musulmi fa, ina ake sa su a can?" in ji Baba.

Na ce akwai maƙabartunsu a manyan garuruwa. Ya ce to, muka wuce. Bayan 'yan kwanaki na buɗe akwatin da na fara haɗa masa, na tarar da likkafaninsa a ƙasa, ƙarƙashin rigar sanyin da na sayo masa. Na san shi sarai. Tun mahaifiyarmu na da rai suka sayi nasu tare, suka wanke da zamzam, suka ɗora a saman durowar kaya. Nata ya tafi, nasa ya rage.

Na san cutar. A Madina muna da irin tsofaffin nan da ba sa yarda su kwana a wajen gari, kada mutuwa ta riske su a can su rasa falalar da malamai ke faɗa ta cikawa a garin Manzo. Wata maƙwabciyarmu ta ƙi zuwa bikin jikarta a Jidda saboda haka, aka yi fushi da ita har aka gaji. A gidanmu kuma abin yana da tushe. Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da matarsa da jariri, suka yi shekaru a hanya suna noma suna ƙara gaba, ya zo ya rasu a bakin teku ta ɓangaren Sudan yana jiran jirgin ruwa. Kakata ce ta ƙaraso da Baba. Duk lokacin da ta ba da labarin, ba mutuwarsa take wa kuka ba, wurin da ta same shi take wa.

Amma Baba? Direban da ya yi rabin kwanan duniyarsa a gindin mota tsakanin Yanbu da Tabuka? Na tuna masa da haka.

"Lokacin ina da ƙarfi, ina kuma da ku da zan ciyar," ya ce. "Ki bar likkafanin a shantar kayan, ba shi da nauyi."

Bai ce ya fasa ba. Ya ci gaba da zama a darduma yana gyara mini kwana, sai dai yanzu yakan yi shiru a tsakiyar magana. Ni kuwa ba na iya ganin matsala in bar ta kwance. Cikin sharuɗɗan biza akwai inshora, kuma inshorar ta haɗa da dawo da gawa gida in mutum ya rasu a can. Na ce ai shi ke nan, ga maganin tsoron Baba a hannuna. Na buga wa kamfanin waya daga wurin aiki, wata mata mai ladabi ta ɗauka, na tambaye ta komai dalla-dalla, ta amsa mini komai dalla-dalla. Na taho gida ina jin kaina.

Na same shi a gindin inabi ya dawo daga Harami. Na zuba masa shayi.

"Baba, khalas, na warware maka damuwarka. Ko da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ba a can za a bar ka ba. Ta'amin ɗin da muka yi, inshorar nan, zai dawo da kai har Madina."

"Ta yaya?"

Da na ce a jirgi na ja bakina, da wataƙila an wuce wurin. Amma ya tambaya, ni kuma ba a tambayata in ba da rabin amsa. Na ce za a ajiye mutum a ɗakin sanyi har hukuma ta gama takardu. Na ce akwai maganin da ake sa wa jiki don kada ya canja. Na ce ana sa shi a akwatin ƙarfe a liƙe, a sa wannan a cikin na katako. Na ce yakan ɗauki kwanaki.

Ya ajiye kofin. "A jirgin, ina ake sa shi?"

"A ƙasa."

"Tare da shantocin mutane."

"Wuri ne daban, Baba."

"A firiji, kamar kajin da ake kawo mana daga Barazil." Ba dariya a muryarsa. "Wa zai yi mini wanka?"

"Akwai Musulmi a can, Turkawa, su ne suke yi."

"Har wannan kin tambaya?"

"Na tambaya."

Ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara sanina. "Kin yi ƙoƙari, daktora," ya ce. "Amma ni ba kawo ni nake so a yi ba. So nake a zo a same ni a nan."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shiga ɗaki. Ina ji ya buɗe akwatin. Da na leƙa daga baya, likkafanin ya koma saman durowa, rigar sanyin kuma tana ninke a kan gadona.

Har yau in aka ce na yi laifi sai na yi musu. Ƙarya na yi masa? Tsoro ya nuna, na nemo masa mafita. Sai dai kafin wayar nan mutuwa a Jamus wani abu ne can nesa da ya ninke ya sa a ƙasan akwati. Bayan wayar ta zama firiji da akwatin ƙarfe, kuma daga bakin 'yarsa ya ji.

Kwanaki muka yi muna gaisuwa kawai. Darduma na nan, shayi na nan, allon ne ba a kunnawa. Biza ta fito, na ajiye fasfonsa kusa da kofinsa, ya ɗauka ya sa a aljihu bai buɗe ba. Ranar da haƙurina ya ƙare, ya ƙare gaba ɗaya. Na ce ƙasar duk ta Allah ce. Na ce sahabbai nawa ne suka bar garin nan da ƙafafunsu suka rasu a Sham da Masar, ko ya fi su son Manzo ne? Na ce Kaka da ya cika a Sudan, wuta zai shiga? Muryata har waje, na san maƙwabta sun ji.

"Ban ce ba," ya ce a hankali.

"To mene ne? Shekara nawa kana cika mana kunne da Jamus? Ga ta ta zo har tafin hannunka ka ce a'a? Da ranka fa, Baba!"

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Da ya daka mini tsawa, da na ji sanyi. Sai cewa ya yi, "Ki je, ya binti. Ki ɗauki 'yar yayanki ta raka ki. Kin san hanyar, na koya miki kowace kwana. Ki ɗauko mini hoton inabin."

Na ce zan je kuwa. Don haushi na faɗa, amma da na kwana na tashi sai na ga me zai hana. Hutu na hannuna, mota na jira, 'yar yayana har ta fara tsalle tana zuba Larabci. Ranar Juma'a na ja yayana gefe.

"Yaya, in na tafi wani abu ya faru, za ku jira ni?"

Ya kalle ni kamar na yi tambayar yara. "Kin san ba a jira. Tsakanin salla da salla ne."

Na sani mana. Mahaifiyarmu da hantsi ta cika, ana idar da azahar aka sallace ta aka wuce da ita. Ganina na ƙarshe da ita a wurin wanka ne, na sumbaci goshinta, maza suka ɗauka. Mu mata ba ma shiga Baƙi'a, kuma ko an bar mu, kaburburan ba suna, dutse ne kawai a kan tudun ƙasa. Baba ne kaɗai ke cewa ya san inda take. In na tafi ya cika a bayana, ko jirgin farko na hau, katanga zan tarar. Wannan ɗan lokacin na tsakanin salla da salla shi ne duk rabona, ga ni ina shirin sa teku tsakanina da shi saboda gonar inabi.

Na soke komai. A wurin aiki na yi, a tsaye, tsakanin majiyyaci da majiyyaci, don kada in samu sararin kuka. Ga ni ban kai hamsin ba, na zama ɗaya daga cikin tsofaffin da nake wa dariya, ba na iya kwana a wajen Madina. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji haushin garin ma, Allah ya yafe mini.

Hutun dai bai soku ba, an riga an sa wata a gurbina. Sai na zauna a gida ina wanke abin da ba datti. A ranar da ya kamata a ce muna kan titin nan na kan tsauni, Baba ya ce in kai shi Harami la'asar, ƙafarsa na ciwo ba zai iya jiran motar haya ba. Muka tafi, ko sau ɗaya bai gyara mini tuƙi ba.

Na yi salla a ɓangaren mata. Da aka sallaci gawa na fito na tsaya a jikin katangar Baƙi'a inda mata ke tsayawa, muna leƙe ta tsakanin ƙarafa. Zafi bai sauka ba duk da kaka ta shigo. Tattabaru, ƙura, tudun ƙasa iya ganinka. Na hango 'yan rakiya sun yi can ciki da makara a kafaɗa, da sauri kamar kullum, da wani tsoho a can baya yana jan ƙafa, wanda na san nawa ne.

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito na ga fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi. Na ɗauka ya haɗu da wani tsohon abokin tuƙi ne. Sai da muka shiga mota muka hau titi sannan ya yi magana.

"Sun tsallako hanyar tsakiya."

"Su wa?"

"Masu haƙa."

Ban gane ba, sai ya yi mini bayani, har da hannu. Wai ba barkatai ake haƙa kabari a Baƙi'a ba. Yanki-yanki ake bi, in an cika wannan a matsa gaba, in an kai ƙarshe a zagayo kan tsofaffin wuraren da ƙasa ta gama aikinta. Tun bara yake lura da inda suka dosa. Lokacin da na zo masa da zancen Jamus suna can nesa ta gabas, ya auna ya ga zai je ya dawo ba su iso ba, shi ya sa ya ce in kawo taswira. Amma zafin bana ya ɗebi mutane, aikin ya yi sauri. Yau ya ga sun fara yankin da ke maƙwabtaka da na mahaifiyarmu.

"In Allah ya so ni da rahama, bana ne," ya ce. "Ko ba a jikinta ba, kusa dai. In kuwa suka wuce, kafin su sake zagayowa ni ba ni da wannan tsawon."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Watanni ina jera masa garuruwa da gonaki, ina murna ya dawo gare ni, ashe yana zaune a gefena da tasa hanyar, kuma ba ni a cikinta. Na yi kishin mahaifiyata, matar da ke kwance a ƙasa, na ji kunyar kishin, kunyar ba ta kore shi ba. An taɓa rabuwa da ni a rayuwa, har da takardar saki, amma ban taɓa jin an bar ni irin na ranar ba, kuma da fara'a aka yi. Na so in ce ni fa, wa za ka bar wa ni?

"Me kike jira? An ba ki hannu," ya ce, yana nuna danja. "Ki biya ta wajen mai tamis, ki haɗo da ful. Yau yunwa nake ji."

Na biya, na sayo burodin da waken. A gida na shimfiɗa ledar cin abinci, na zuba masa man zaitun yadda yake so. Rabon da in ga ya ci abinci haka tun tana da rai. Ya cinye nasa, ya dubi nawa da ban taɓa ba, ya ce in ba zan ci ba in miƙo masa. Na miƙa masa.